Sunayen da Chaucer Bai Taɓa Ji Ba

Akwai wani wasa da malaman adabin Turanci da ɗalibansu suke so ƙwarai. Mutum zai ari bakin Geoffrey Chaucer, mawaƙin birnin Landan da ya rasu a shekarar 1400, ya sa shi yana mita a kan cunkoson motoci, ko layin binciken kaya a filin jirgi, ko kwamfutar da ta ƙi tashi ranar da ake jiran aiki. Duk wannan cikin irin Turancin da ake yi kimanin shekaru 600 da suka wuce. Wanda ya san harshen zai yi dariya har da riƙe ciki, wanda bai sani ba kuwa sai ya ɗauka marubucin bai iya rubutu ba ne. Ni abin da ya fi jan hankalina a wasan shi ne sunaye: sunan wasan kansa, sunan mutumin da ake arar bakinsa, sunan harshensa da na zamaninsa. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar kusan dukkansu bayan an binne shi aka raɗa su.

Ajiye abu a zamanin da ba nasa ba, shi Turawa suke kira "anachronism". Kalmar Girkanci ce, rabinta na ƙarshe yana nufin lokaci, na farkon kuma yana nuna komawa baya ko saɓawa. Sai a ƙarni na 17 ta shiga Turanci, kuma a wancan lokaci zargi ce da ake yi wa masu lissafin tarihi idan sun ɗora wani lamari a shekarar da ba tasa ba. Misalin da aka fi kawowa a makaranta shi ne agogo mai bugawa a wasan Julius Caesar na Shakespeare, alhali mutanen Rum ba su san irin wannan agogo ba. A zamanin Chaucer babu wanda zai ga laifin haka. Masu zane na lokacin suna zana sojojin da ke cikin labaran Baibul da sulken da sojojin garinsu suke sakawa, ba kuma wanda ya ce musu don me.

Shi sunan Chaucer, wanda ake furtawa kamar "Cosa", sunan sana'a ne. Daga Faransancin da ya fito, kuma yana nufin mai ɗinka "chausses", wato dogayen safar nan masu matse ƙafa da mazan Turai suke sawa a maimakon wando. Amma ba a san wani a gidansu na kusa da ya yi wannan sana'a ba. Mahaifinsa, John, babban dillalin giyar inabi ne a Landan. Kakansa Robert daga garin Ipswich ya zo, da sunan Malin aka san danginsa, kuma masanan da suka bi takardun gidan suna ganin sunan maigidansa na Landan ya ɗauka. Ke nan sunan da ya zama tambarin adabin Ingila aro ne tun daga tushe.

Takardun da suka rage game da rayuwarsa sun kusa 500, kuma a nan abin mamakin yake. A cikinsu za ka ga an rubuta shi "Galfridus" da Latin. Za ka ga yana yaron gida a fadar matar wani ɗan sarki a 1357. Za ka ga an kama shi a yaƙin Faransa, Sarki Edward na Uku ya ba da fam 16 a 1360 cikin kuɗin fansarsa. A 1374 aka yanka masa galan ɗaya na giyar inabi kullum, aka kuma naɗa shi mai kula da kwastan ulu da fatu a tashar jiragen ruwan Landan, da sharaɗin da hannunsa zai riƙa rubuta lissafi. A 1386 ya wakilci yankin Kent a majalisa, a 1389 ya zama mai kula da gine-ginen sarki. Ba ko ɗaya daga cikin takardun nan da ta kira shi mawaƙi. Ko binne shi da aka yi a cocin Westminster, dalilinsa shi ne ma'aikacin sarki ne kuma ɗan haya ne a harabar cocin. Kabarin da masu yawon buɗe ido suke gani yau a 1556 aka gina shi, sunan "kusurwar mawaƙa" da ake kiran wurin kuma daga baya ya zo, bayan an yi ta binne wasu kusa da shi. Masu wasan kwaikwayon muryarsa da suka san aikinsu sun kama wannan. Chaucer ɗinsu ma'aikacin gwamnati ne mai jiran albashi, mai ƙorafin ofis, wanda sai da dare yake samun sukunin rubutu, kuma wannan ya fi kusa da gaskiya a kan dattijon nan mai gemu da ake mannawa a bangon aji.

Akwai wani laƙabi da Bahaushe zai gani ya yi murmushi. A 1596 mawaƙi Edmund Spenser ya kira shi "Dan Chaucer", sunan kuma ya bi shi. Mu da muka saba da Ɗan Fodiyo da Ɗan Marina, musamman yanzu da wayoyi suka koya mana zubar da ƙugiyar haruffa, sai mu karanta shi a matsayin ɗan wani mutum mai suna Chaucer. Wannan "Dan" ɗin daga "dominus" na Latin ya gangaro ta hanyar Faransanci, ma'anarsa maigida ko ubangida, kuma ana sa wa malaman coci da masu ilimi. Da Hausa "Malam" ya fi dacewa da shi. Spenser da zuciya ɗaya ya faɗa, don girmamawa. Shi kuwa Chaucer yakan yi shaƙiyanci da laƙabin: a labarinsa na zakara da dila ya manna wa dilan, ya kuma ambaci wani jaki da shi. Mutumin da ya ce da dila Malam, shi aka wayi gari ana ce wa Malam ba da wasa ba.

Laƙabin "uban waƙar Turanci" kuwa John Dryden ne ya tabbatar masa da shi a 1700. Amma a cikin littafin da ya yabe shi haka, Dryden sake rubuta labaransa ya yi da Turancin zamaninsa, don yana ganin harshen ya tsufa, karin waƙar kuma yana ɗingishi. Kunnen Dryden ne ya ruɗe shi. A zamanin Chaucer ana furta harafin "e" da ke ƙarshen kalmomi da yawa a matsayin gaɓa guda, kuma da ita yake cika ma'aunin baiti. Bayan rasuwarsa furucin ya ɓace, wasulan Turanci ma gaba ɗaya suka sauya, sai baitocin suka zama kamar an gutsire su. Sai da Thomas Tyrwhitt ya fitar da bugunsa a 1775 aka fara gane cewa mutumin bai taɓa ɓatan lissafin gaɓoɓinsa ba.

Harshen nasa yanzu "Middle English" ake ce masa, Turancin tsakiya. Shi Turanci kawai ya san yana yi. Masana harshe na Jamus a ƙarni na 19, irin su Jacob Grimm, su suka kawo salon raba rayuwar harshe gida uku, tsoho da na tsakiya da sabo, Ingilawa kuma suka ɗauka. Haka sunan zamanin. "Medieval" daga Latin ne, yana nufin zamanin tsakiya, kuma a farkon ƙarni na 19 ya samu wurin zama a Turanci. Tsakiyar me? Tsakiyar ɗaukakar Rum da farfaɗowar da mutanen ƙarni na 15 da na 16 suka ce su ne suka kawo ta. Sunan raini ne, waɗanda suka zo daga baya suka laƙaba wa kakanninsu don su nuna kansu. Ba wanda ya taɓa tashi da safe ya ji yana tsakiyar tarihi. Chaucer a ganinsa ɗan zamani ne sosai: ya je Genoa da Florence a 1373, ya je Milan a 1378, ya dawo da sababbin littattafan Italiya da yawancin mutanen garinsa ba su taɓa ji ba. Shi ya sa nake ganin mai ba shi wayar hannu don raha bai yi abin da ya wuce na mai kiransa "mawaƙin zamanin tsakiya" a ɗakin lacca ba. Dukkansu sun ɗora masa kayan da ba nasa ba, sai dai ɗaya yana dariya, ɗaya kuma ya ɗaure fuska.

Shi kwaikwayon tsohon Turanci ya daɗe yana shan suna, kuma kusan kowane suna zagi ne. Ben Jonson, wanda ya rasu a 1637, ya bar rubutu yana sukar masu farautar abin da ya kira "Chaucerisms", wato tsofaffin kalmomin da ake tonowa daga Chaucer a cusa cikin sabon rubutu, ya ce gara a kore su. Spenser ma bai tsira daga bakinsa ba: ya ce garin kwaikwayon mutanen da, abin da ya rubuta ba harshen kowa ba ne. Robert Louis Stevenson ya ƙirƙiri "tushery" daga "tush", wata tsohuwar kalmar tsaki da marubutan labaran tarihi suke cika bakin jarumansu da ita. Abin yabawa, kansa ya fara yi wa wannan ba'a, a kan littafinsa The Black Arrow. Wanda ya fi su cizo shi ne "Wardour Street English". Wardour wani titi ne a unguwar Soho ta Landan da ya yi suna wajen shagunan kayan ɗaki na da, waɗanda da yawansu jiya-jiya kafinta ya ƙera su ya shafa musu tsufa. A 1888 wani mai sharhi, Archibald Ballantyne, ya jefi William Morris da wannan suna saboda yadda ya fassara Odyssey da Turanci mai ƙura. Daga nan sunan ya shiga littattafan koyar da salo, ya zama gargaɗi ga ɗalibai.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton wata mashaya ko shagon tsaraba a Ingila ya ga "Ye Olde" a allon ƙofa. Wannan shi ne Turancin titin Wardour a mafi arhar siffarsa, kuma labarin "Ye" ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohon Turanci yana da harafi mai suna "thorn", ana rubuta shi þ, shi ne yake ɗaukar sautin da yanzu ake rubutawa da "th". A hannun marubutan ƙarni na 14 da na 15 siffarsa ta yi ta lanƙwashewa har ta yi kama da y. Da injin ɗab'i ya zo, wanda William Caxton ya kafa na farko a Westminster a 1476, haruffan ƙarfe daga nahiyar Turai ake samo su, inda ba a san þ ba, sai masu ɗab'i suka riƙa sa y a gurbinsa. Masu karatu na lokacin sun san "the" ake nufi, haka kuma suke furtawa. Jikokinsu ne suka manta, suka koma cewa "yi", suna jin daɗi wai suna magana irin ta kakanni. Akwai wata "ye" ta gaskiya a harshen Chaucer, amma ita wakilin suna ce, ba ruwanta da wannan.

A nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo a wasan. Ɗan koyo yana ganin yayyafi ne kawai: ya zuba "e" a ƙarshen kowace kalma, ya mai da kowane "i" ya zama "y", ya liƙa "eth" a wutsiyar kowane aikatau. Amma harshen yana da doka. "Eth" ta wanda ake magana a kansa ce, shi ko ita. "Est" ta wanda ake magana da shi ce, tare da "thou". Wanda ya rubuta "I hath" ya yi daidai da mai cewa "ni ya tafi". "Y" da ake sawa a gaban aikatau, kamar a "yclept" mai nufin wanda ake kira, ragowar wani tsohon ɗafa-goshi ce mai nuna aikin da ya kammala, ba a sa ta ko'ina. Sannan ga "thou" da "ye". Yau Bature yana jin "thou" sai ya ji ƙamshin coci da girma, saboda a addu'a da tsohuwar fassarar Baibul kaɗai ya san ta. A wurin Chaucer "thou" ita ce kai ko ke, ta aboki da yaro da bara, "ye" kuma ita ce ku, wadda ake yi wa mutum ɗaya don ladabi, kamar yadda ake ce wa dattijo "kun tashi lafiya". Mai barkwancin da ya sa Chaucer yana ce wa sarki "thou" don ya ƙara masa girma, ya sa shi ya yi rashin kunya a fada ne bai sani ba.

Gwanin kuma ba ya tsayawa a nahawu. Idan zai sa Chaucer ya yi maganar jirgin sama, ba ya buƙatar ƙirƙiro komai, domin a cikin littafinsa Canterbury Tales akwai labarin da wani matashi ya bayar na fadar wani sarkin Tatar, inda baƙo ya shigo da dokin tagulla. Ka murɗa wani ɗan maɓalli a kunnensa, ya ɗauke ka ya kai ka duk inda kake so cikin yini da kwana ɗaya, ko ta sama ne. Baƙon ya kawo madubin da ke nuna maka abokinka da maƙiyinka, da zoben da ke sa a ji maganar tsuntsaye. Sai 'yan fada suka kewaye dokin suna ta gardama, kowa yana kawo bayanin yadda yake aiki, ba wanda ya sani. Wanda ya karanta wannan ya riga ya samu Chaucer ɗin da zai tsaya gaban sabuwar na'ura. Haka ma batun John Gower, abokinsa mawaƙi, wanda masu wasan suka saba mayarwa kishiyarsa. Chaucer ne ya kira shi mai wa'azin ɗa'a a ƙarshen waƙarsa ta Troilus, laƙabin ya manne masa har yau kamar ƙaya, masu sharhi na baya kuma suka hango wata rigima tsakaninsu daga 'yan alamu. Abin da takarda ta tabbatar shi ne da Chaucer zai tafi Italiya a 1378, Gower yana cikin mutum biyun da ya wakilta su kula masa da al'amuransa.

Arar bakin Chaucer ba kullum raha ba ce. Bayan rasuwarsa an yi ta rubuta abubuwa ana jingina masa. A bugun ayyukansa na 1542 aka cusa wani labarin manomi mai caccakar malaman coci, wanda ba shi ya rubuta ba, kuma irin wannan ne ya sa marubucin Furotesta John Foxe ya ɗauke shi mabiyin John Wycliffe mai sukar coci. Sai kuma yaron nan na Bristol, Thomas Chatterton, wanda aka haifa a 1752. Ya ƙago wani limamin coci na ƙarni na 15 mai suna Thomas Rowley, ya rubuta masa waƙoƙi da kalmomin da ya tsinto daga ƙamus-ƙamus, ya ce a tsofaffin akwatunan cocin St Mary Redcliffe aka samo su. Ya mutu a Landan a 1770 yana da shekara 17, manyan mutane kuma suka ci gaba da musu a kan Rowley. Tyrwhitt ɗin nan dai shi ya nuna a 1778 cewa harshen na jabu ne, domin ya san yadda na gaskiya yake tafiya. Kayan aikin Chatterton da na mai barkwancin yau ɗaya ne. Bambancin shi ne Chatterton yana tsoron a kama shi, mai barkwanci kuwa idan ba a kama shi ba wasansa ya lalace, shi ya sa yake jefa mota ko kwamfuta tun a layin farko. Fim ɗin A Knight's Tale na 2001, inda Paul Bettany ya fito a matsayin Chaucer ɗan caca mai yi wa jarumi kirari a filin sukuwa, ya buɗe ne da 'yan kallo suna tafi da kiɗan ƙungiyar Queen, don kada wani ya zaci darasin tarihi ya zo kallo.

Idan har akwai wanda ya fara wannan wasa a kan Chaucer, to shi ne da kansa. Ya ɗauki Theseus na tatsuniyoyin Girka ya ba shi sarautar "duke" ta Athens, ya shirya masa gasar mahaya irin ta ƙarni na 14, jarumi 100 a kowane ɓangare. A birnin Troy na waƙarsa ta Troilus akwai majalisa mai zama ta yi muhawara a kan musayar fursunoni, an kuma ambaci wani bokan Girka da laƙabin bishop. Kuma ba rashin sani ba ne, domin a cikin wannan waƙar ya tsaya ya gaya wa masu sauraro cewa harshe yana sauyawa cikin shekaru dubu, kalmomin da suke da daraja a da su zama abin dariya. Labarin Troilus daga marubucin Italiya Boccaccio ya ɗauko shi, amma bai taɓa ambaton sunan Boccaccio ba ko sau ɗaya a duk rubuce-rubucensa. Ya ce wani tsohon marubucin Latin mai suna Lollius yake bi, mutumin da har yau ba a ga littafinsa ba. Wasu masana suna ganin sunan ya samo asali ne daga gurguwar fahimtar wata wasiƙar mawaƙin Latin Horace.

Ya kuma saka kansa cikin matafiyan da ke ba da labarai a Canterbury Tales. Da mai masauki Harry Bailly ya juyo kansa, ya tsokane shi a kan ƙibarsa da yadda yake ta kallon ƙasa, ya ce ya ba da nasa labarin, sai Chaucer na cikin littafi ya ce waƙa ɗaya tak ya sani, wata tsohuwa. Ya fara rera labarin wani jarumi Sir Thopas, sunan dutsen ado, ɗan garin Poperinge na 'yan kasuwar Flanders, wanda ya ci karo da wani ƙato mai suna Olifaunt, wato giwa, ya ruga gida da cewa zai dawo idan ya sa sulke. Kowane baiti kwaikwayo ne na tsofaffin waƙoƙin jarumta da aka daina yayi, da amsa-amonsu mai kwaramniya da kalmominsu da suka gaji, wato Turancin titin Wardour shekaru 500 kafin a raɗa masa suna. Mai masauki bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya katse shi a tsakiyar jimla, ya ce kunnuwansa suna ciwo, ya bar waƙa ya kawo wani abu a zube. Chaucer ya amsa da ladabi cewa zai kawo ɗan ƙaramin abu, sannan ya sauke musu labarin Melibee, wata doguwar nasiha a kan haƙuri da shawara da ya fassaro daga Faransanci, wadda tana cikin mafi tsawon abubuwan da ke littafin gaba ɗaya.